Jakar da Ta Hana Abdou Komawa Gida

Duk wanda ya zauna a Agege ta wajen layin dogo a shekarun nan ya san Abdou maigadi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye kusa da Madawa a Nijar. Ya zo Legas da niyyar cin rani ɗaya, sai ga shi ya share shekara ashirin da biyu yana gadin wata makarantar Islamiyya mai babban ɗakin taro. Shi da matarsa Mariamu suna zaune a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar makarantar, ita tana tuya masa da safe tana sayar wa masu tafiya kasuwar Mile 12.

Abdou yana da wani hali da ya sa mutane ke tsokanarsa: ba ya kallon fuskar mutum. Tun yana ƙarami aka hore shi cewa ba a ƙura wa babba ido, da ya girma kuma sai ya ƙi dainawa. Ka wuce da safe ka gaishe shi, takalminka zai amsa wa. Da haka ya san Agege kaf ta ƙasa. Ya san wanda ke jan ƙafa, ya san wanda dugaduginsa ke cinyewa ta waje, ya san wanda ya ari takalmin wansa don zuwa ɗaurin aure. Ka nuna masa hoton mutumin da ya shekara yana gaisawa da shi, zai iya ce maka bai taɓa ganinsa ba.

Wannan hali ne ya ba shi aiki a bikin littafi. Malam Ridwanu, haifaffen Agege mai shagon littattafai a bakin kasuwa, shi ya ƙirƙiro bikin. Duk shekara marubuta kan taso daga Kano da Kaduna da Gusau da kwalayen littattafansu, a shimfiɗa tabarmi a ɗakin taron makarantar, a yi kwana uku ana karatu da musu da saye da sayarwa. Tunda kan tabarma ake zama, dole kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa, Abdou kuma shi ke tsaronsu. Takalmi ɗari uku, ba lamba ba takarda, amma kafin ka gama waige-waige ya ajiye maka naka a gabanka. Ba a taɓa jin ƙafa ɗaya ta ɓace a hannunsa ba.

A bikin 1995, ranar ƙarshe da la'asar, wasu mutane suka zo cikin mota suka ce ba a ba da izinin taro ba, kowa ya watse. Lokacin soja ne, ba wanda ya tsaya tambayar dalili. Aka yi ta turereniya a ƙofa, Abdou na tsugune yana miƙa takalma da hannu biyu. Can wani ya zura ƙafa cikin sau-ciki ruwan ƙasa, ya dangwarar masa da wata baƙar jaka a cinya.

"Baba maigadi, riƙe mini wannan amana. Yanzu zan dawo."

Abdou bai ga fuskarsa ba, amma takalmin ya san shi sarai. Kwana uku yana lura da shi a wurin alwala, domin mai shi kullum in zai wanke fuska sai ya cire tabarau ya naɗe ya zura cikin takalmin ƙafar hagu. Abdou ya rungume jakar ya zauna jiran "yanzu". Magariba ta yi, gari ya waye, wata ya cika, mutumin bai dawo ba. Bikin ma daga ranar aka jingine shi.

Malam Ridwanu ya so ya sauƙaƙa masa. "Baba Abdou, kawo mu buɗe mana. Ai ba za a rasa suna a ciki ba."

"Ba a ce mini in buɗe ba. Riƙe anka ce."

"To mu yi cigiya a masallaci."

"Wagga Legas? In munka ce wa ya ɓad da jaka, mutum talatin za su taso, kowa da rantsuwa tai."

Ridwanu ya yi dariya, don ya san gaskiya ne. "To bar ta a shagona, in mai ita ya zo na ba shi."

"Ba kai anka ba ba, Mushe Ridwanu. Ni anka ba," in ji Abdou, wanda ya saba ce wa ɗan boko Mushe irin na Faransanci.

"Kai Baba, wahala ɗinka ta yi yawa o," in ji Ridwanu, ya kaɗa kai ya tafi abinsa.

Da damina ta farko rufin ɗakin ya fara yoyo. Abdou ya ɗauko jakar zai sauya mata wuri, sai bakinta ya wage, don dama zip ɗin a lalace yake. Idonsa ya faɗa kan takardar farko: rubutun hannu da baƙaƙen Larabci, da Bisimillah a sama ɓaro-ɓaro. Ya yi maza ya rufe yana istigfari. Ashe littafin wani babban malami ne aka ba shi, shi kuma ya ajiye a ƙasan gado kusa da kwandon albasa.

Daga ranar jakar ta zama uwar ɗakin. Ya karɓi atamfar Mariamu mafi kyau, wadda take ajiya don biki, ya naɗe ta, ya rataye a can sama. Ba ya taɓa ta sai da alwala. Aka juya gado don kada ƙafa ta kalle ta. Duk Juma'a sai an yi mata turare. Wata maƙwabciya mai ciwon kai ta taɓa roƙo a bar ta ta zauna ƙarƙashinta na ɗan lokaci, ta kuma tashi tana rantsuwa ta ji sauƙi.

Duk wannan Mariamu ta jure. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne Abdou ya daina zuwa gida. A da duk shekara biyu sukan je Madawa su yi wata guda. Yanzu ko Oshodi da ke nan cikin Legas ba ya son zuwa, wai kada mai jaka ya zo ya tarar ba ya nan. 'Yarsu Mouna, wadda ta tashi a hannun gwaggonta a gida, ta yi aure ba ya nan, ta haihu sau biyu ba ya nan. Mariamu ce ke tafiya ita kaɗai ta dawo da labari. Abin yana cin Abdou ƙwarai, yakan zauna bakin ƙofa ya sunkuyar da kai har masu wucewa su ɗauka gyangyaɗi yake.

A shekarar 2000 wansa Alu ya aiko da kaset ta hannun wani direba. Suka sa a rediyo suka zauna. Alu ya ce gwiwoyinsa sun gaji, gonar albasa ta fi ƙarfinsa, Abdou ya dawo gida haka nan tun suna iya gane juna. A ƙarshen kaset ɗin aka ji muryar Mouna tana lallashin wata 'yar yarinya, sai yarinyar ta ce, "Kaka, yaushe za ka taho?" Abdou ya tashi ya fita wai zai duba kwaɗon ƙofa, alhali da rana tsaka ne kuma ƙofar a buɗe take.

Cikin satin nan Malam Ridwanu ya iso da fara'a har kunne. Soja sun tafi, farar hula sun zauna, ya samo izini da tambari da komai. Za a dawo da bikin littafi, Juma'a zuwa Lahadi, kuma ya aika wa duk tsofaffin marubutan da ya iya tunawa.

Mariamu ba ta ɓata lokaci ba. Ta je Ijora ta samo wani ɗan garinsu mai babbar mota da zai tashi zuwa Konni ranar Litinin, ta kama wuri biyu.

"Malam," ta ce, "na kama muna wuri. In ka samu mai jaka, alhamdu lillahi. In ba ka same shi ba, ni dai Litinin ina cikin kamiyo. Kai da jaka ku zamna ku tsufa tare."

Abdou ya san Mariamu ba ta faɗin magana sau biyu. Amma bai damu sosai ba. Mutum zai iya sauya takalmi, ba zai sauya yadda yake tuɓe shi ba. Ya share baranda tas, ya samo katako ya yi kanta mai hawa uku, ya zauna yana jiran Juma'a kamar mai jiran sallah.

Ranar Juma'a da safe wata mota ta tsaya ƙofar makarantar aka fara sauke kujerun roba farare. Ɗari uku cif. Sabon kansilan unguwa ne ya aiko, don a san an shiga zamanin siyasa. Aka naɗe tabarmi aka jingine a lungu. Abdou na tsaye kusa da kantarsa yana kallo, baƙi suka riƙa wuce shi ƙwas ƙwas ƙwas da takalmansu har cikin ɗakin taro. Ko mutum ɗaya bai sunkuya ba.

"Mushe Ridwanu, mi ne ne wanga?"

"Ci gaba ke nan, Baba. Yau ka huta, oya zo ka zauna kan kujera kai ma."

Biki kuwa ya yi biki. Marubutan da suka shekara biyar ba su haɗu ba suna ta rungumar juna, wannan ya yi tumbi, wancan ya yi furfura, wata da aka sani tana budurwa ta zo da goyo da littattafai huɗu. 'Yan tumatir na Mile 12 sun zo da kuɗinsu mai ƙanshin tattasai suna sayen labaran soyayya, kowa na cewa matarsa ce ta aiko shi. Matan Idi-Araba sun cika motar haya ta danfo guda. Wani mai gadi daga Ogba ya tashi ya ƙalubalanci wani marubuci kan dalilin da ya sa ya kashe jarumin littafinsa, har sai da aka ba shi haƙuri. Kowa na cikin nishaɗi ban da mutum ɗaya, wanda ke zagaye ɗakin a duƙe yana leƙen ƙarƙashin kujeru. Takalma dai ga su nan birjik, amma duk a ƙafa suke, ba abin da za su gaya masa.

Ya sa rai ga lokacin salla. Sai aka kwashi baƙin zuwa masallacin Juma'a, inda takalmi ya fi dubu biyar. Ranar Asabar kuma da azahar mota ta ɗebe su zuwa masauki cin abinci, suka haɗa azahar da la'asar a can tunda matafiya ne. Abdou ya koma ɗaki ya tarar Mariamu ta gama ɗaure tukwane. Ta dube shi, shi kuma ya dubi silifas ɗinta. Ranar ko masa bai iya ci ba, tsoro ya kama shi sosai, don ya san in Litinin ta zo jakar na rataye, ba zai iya shiga motar ba.

Ranar Lahadi tun da hantsi ya fara aiki. Ya bi maƙwabta ya aro butoci har ashirin, ya cika su ya jera bakin baranda. Ya ciro tabarmin da aka jingine ya shimfiɗa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, daidai tsakanin ƙofar ɗakin taro da inda motar masauki ke tsayawa. Rana na gocewa, ana tafin rufe zaman safe, sai Abdou, wanda bai taɓa kiran salla ba a rayuwarsa, ya tsaya tsakiyar fili ya toshe kunne ya kwarara kira. Muryar ba daɗi, gaskiya, har awakin maƙwabta sai da suka ɗaga kai. Amma wane ne zai tsallake tabarma a shimfiɗe da buta a cike ya shiga mota don cin shinkafa, jama'a na kallonsa? Baƙi suka dubi juna, suka fara naɗe hannun riga.

Abdou ya tsuguna gefe yana ƙara ruwa a butoci, idonsa na bin ƙasa. Wani ya sa agogo cikin takalmi, amma agogo ba tabarau ba ne. Wani ya cire tabarau ya ɗora kan hula. Wani ya ba abokinsa ya riƙe masa. Layi na ta raguwa har ya rage mutum uku. Na ƙarshensu wani mai jiki ne, da baƙin takalmi sabo fil mai sheƙi. Ya zauna da ƙyar, ya tuɓe, ya cire tabarau, ya naɗe a hankali, ya zura cikin ƙafar hagu.

Abdou ya bari har ya wanke ƙafa, sannan ya matsa. Karo na farko cikin shekaru ya ɗaga kai ya dubi fuskar baƙo: dattijo mai furfura a gemu da idon mai son dariya. Wannan shi ne Malam Hashimu, malamin makaranta daga Gusau, wanda tun Juma'a yake zaune a babban tebur.

"Malam, gafara dai. Shekara biyar da sunka wuce kana da sau-ciki ruwan ƙasa, dugadugin hagu ya cinye ta waje?"

Malam Hashimu ya dube shi da mamaki. "Ikon Allah. Ni kaina na manta da su."

"Ran da anka watsa taro, mi ka ba maigadi?"

Mutumin ya ƙura masa ido, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. "Jaka," ya ce a hankali. "Baƙa. Zip ɗinta ya lalace, hannunta kuma na ɗaure shi da igiyar buhu."

"Mu yi salla tukuna," in ji Abdou.

Bayan an sallame ya sake alwala, ko da yake ta farko ba ta karye ba, ya shiga ɗaki ya sauko da jakar. Ya fito da ita a hannu biyu cikin atamfar Mariamu, ƙanshin turaren shekara biyar na tashi, Mariamu na biye da shi. Malam Hashimu ya warware, ya buɗe, ya ga rubutunsa, sai ya zauna daɓas kan tabarma hawaye na zubo masa. Ya ce ranar an tafi da shi an yi masa tambayoyi kwana biyu, da aka sake shi abokai suka sa shi a mota sai gida. Ya so ya dawo, kowa ya ce masa wa ke barin jaka a Legas ya koma nema. Shekara uku ya yi yana rubuta abin da ke ciki, kuma tun da ya ɓace bai sake iya rubuta ko shafi ɗaya ba.

Abdou ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wane littafi ne? Tafsiri ko fiƙihu? Ban taɓa taɓa shi ba sai da alwala. Ko ƙafa ba mu miƙa mai."

Malam Hashimu ya share ido, ya dubi atamfar, ya shinshini turaren, ya dubi Malam Ridwanu da ya matso. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Baba maigadi, ni da ajami nake fara rubutu, hannuna ya fi sauri a nan. Bisimillah kuwa komai zan fara sai na sa." Ya ɗan tsaya. "Labarin wani bunsuru ne da ya shiga jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Legas ba tikiti."

Mariamu ce ta fara. Ta dafa bishiyar mangwaro tana dariya har ta durƙusa, tana cewa, "Bunsuru. Atamfata. Shekara biyar muna kwana kai a ƙofa don bunsuru." Dariya ta kama kowa a filin. Abdou ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage, ya juya zai shige ɗaki, Malam Hashimu ya riƙo hannunsa ya ƙi saki.

Da aka koma zaman yamma, Malam Hashimu ya karɓi lasifika ya ba jama'a labarin tun daga farko, sannan ya ce ba zai karanta ko layi ɗaya ba sai maigadi ya hau babban tebur ya zauna kusa da shi. Aka yi ta tafi. Abdou ya taho a duƙe, ya iso bakin dandamali, sai ya yi abin da ya saba: ya tuɓe silifas ɗinsa na roba, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da waya, ya ajiye a ƙasa ya hau ba takalmi.

Malam Hashimu ya sauko da kansa, da babbar rigarsa da tumbinsa, ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗin ya kaɗe ƙurar ya saƙale a hammata.

"Malam, don Allah aje, da datti," in ji Abdou.

"Yau ni ke gadi, Baba. Zauna."

Haka ya karanta babi biyu a tsaye, takardu a hannu, silifas a hammata. Jama'a na ta faɗuwa don dariya, musamman inda bunsurun ya cinye tikitin mai duba tikiti a Zariya. Abdou ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa, amma da aka zo nan sai aka ga kafaɗunsa na girgiza. Shekara da shekaru yana tsaron takalman mutane, ba wanda ya taɓa riƙe masa nasa sai ranar, kuma abin ya taɓa shi fiye da tafin da ake yi.

Litinin da safe Malam Ridwanu ya raka su Ijora. Mariamu ta ɗaura atamfarta, tana cewa ƙanshin turaren nan ko a Madawa ba zai fita ba. Abdou ya hau bayan motar ya zauna kan buhunsu, hannunsa wayam, ya rasa inda zai ajiye shi. Da motar ta kama hanya ya ciro kaset ɗin Alu daga aljihu yana jujjuyawa.

"In ɗiyar Mouna ta ce mi ya hana ka tahowa," in ji Mariamu, "mi za ka ce mata?"

Abdou ya yi ɗan tunani. "In ce mata bunsuru nika tsaro."

"Za ta ce ina shi."

"In ce na maishe shi ga mai shi," ya ce, "ko gashi ɗaya bai ɓace ba."